Daga Jeneba zuwa Ƙanƙara: Dalilin da ya sa kwance ɗamara ke cin tura

Tun daga shekarar 2017 zuwa yau, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an shimfiɗa tabarmi a Jihar Katsina an jera bindigogi a kansu, manyan gwamnati da hakimai da malamai suna zaune a rumfa. A yi jawabai, a ɗauki hotuna, a shafa fatiha, a ce wa talakawa su koma gona domin an yi sulhu da 'yan bindiga. Sau da yawa kuma tun ba a cinye abin da aka noma ba sai a ji harbi ya dawo. In ka tambayi mutane dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce ɗan bindiga ba shi da alƙawari. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma maganar ta wuce haka. Manyan ƙasashen duniya, da gogaggun lauyoyinsu da hafsoshinsu, sun taɓa shafe shekara da shekaru a kan wannan batu na ajiye makamai, suka tashi hannu rabbana. Abubuwan da suka kayar da su kuwa, su ne dai ke kayar da mu.

Ina wannan rubutu ne daga Babban Mutum, a Ƙaramar Hukumar Ɓaure ta masarautar Daura, dab da iyakar Nijar ta ɓangaren Magarya. Allah Ya rufa mana asiri, gabashin jihar nan bai ɗanɗani irin uƙubar da yammacinta ke sha ba. Sai dai wanda ke zaune a bakin iyaka ba ya cewa zancen bindiga bai shafe shi ba, kuma Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muka gani da idonmu

A watan Janairun 2017 aka yi babban taro a Ƙanƙara, inda waɗanda aka kira tubabbun ɓarayin shanu suka miƙa makamai ga gwamnatin Aminu Bello Masari. Wata guda kafin nan, Zamfara ta yi nata da Buharin Daji. An ɗan sami sa'ida, amma a watan Maris na 2018 aka kashe Buharin Daji a wata rigima tsakaninsa da Dogo Giɗe, dabarsa ta tarwatse ta zama dabobi barkatai, satar shanu kuma ta rikiɗe ta koma satar mutane.

A watan Agustan 2019 gwamnonin Arewa maso Yamma suka haɗu a Katsina, aka sake shelar afuwa, aka haramta ayyukan 'yan sa-kai. A watan Satumba Masari da kansa ya bi ƙananan hukumomin da ke gefen dajin Rugu yana ganawa da shugabannin dabobi, aka yi musayar waɗanda ake tsare da su. Ba a cika shekara ba sulhun ya ruguje. A watan Afrilun 2020 aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Ɗanmusa, Dutsinma da Safana, a watan Yuni gwamnan ya fito ya ce an ci amanarsa, ya janye. Ranar 11 ga Disambar wannan shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci wannan ɗanyen aiki, ya fito a Gusau a watan Fabrairun 2021, ya miƙa bindigogi, ya yi rantsuwa da Alƙur'ani. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, kwanaki kaɗan bayan haka wata dabar ta hallaka shi.

A 2025 kuma aka shiga sabon salo: al'ummomin Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Faskari da wasu suka riƙa ƙulla sasanci da kansu. A wasu wuraren manoma sun sami komawa gonakinsu, ba kuwa mai raina wannan. Amma duk wanda ya kalli hotunan tarukan ya ga yadda mutanen daji suka zo wurin sulhu rataye da makamansu, suka kuma koma da abinsu.

Abin da ya faru a Jeneba

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ƙare a 1918, Turawa sun rantse ba za su sake komawa ramukan yaƙi ba. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ƙayyade sojojin Jamus kada su wuce 100,000, ba tankokin yaƙi, ba jiragen saman yaƙi, ba jiragen ƙarƙashin teku. An kuma rubuta cewa an yi haka ne domin buɗe ƙofar rage makaman kowa da kowa. Aka kafa Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, sashe na 8 na kundinta ya ɗora wa mambobi alhakin rage makamai. A 1928 ƙasashe da dama suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a Paris suna cewa sun yi watsi da yaƙi a matsayin hanyar warware rigima.

Sai ranar 2 ga Fabrairun 1932, bayan shekaru ana share fage, aka buɗe babban taron kwance ɗamara a birnin Jeneba na ƙasar Suwizalan. Ƙasashe wajen 60 suka hallara, Arthur Henderson, tsohon ministan harkokin wajen Ingila, shi ne shugaban taro. A daidai lokacin da wakilai ke zama a kujerunsu, jiragen Japan suna ruwan bama-bamai a birnin Shanghai na ƙasar Sin. Shugaban Amurka Herbert Hoover ya kawo shawarar kowa ya zabge kashi ɗaya cikin uku na makamansa, aka tafa masa, aka ajiye takardar. A watan Janairun 1933 Hitila ya hau mulki a Jamus, ranar 14 ga Oktoba ya fice daga taron da majalisar baki ɗaya. A 1935 ya dawo da tilasta wa matasa shiga soja. A 1939 duniya ta sake kamawa da wuta.

Kada wani ya ce wannan tarihin Turawa ne. Wutar ta iso har ƙofar gidajenmu. An ɗebi samarin Arewa aka kai su Habasha suka gwabza da sojojin Italiya a 1941, aka kai wasu dazuzzukan Bama suka fuskanci Japan. Kakanninmu sun biya bashin taron da ba a gayyace su ba.

Tsoro ne ke riƙe da bindiga

Dalili na farko da ya kashe taron Jeneba shi ne tsoro. Sau biyu Jamus ta mamaye Faransa, a 1870 da 1914, kuma Faransa ta rasa sojoji sama da miliyan ɗaya a yaƙin farko. Jamusawa sun fi su yawa, sun fi su masana'antu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka Faransa ta kafe cewa a ba ta tabbacin tsaro tukuna, sannan ta rage makamai. A 1919 Amurka da Ingila sun yi mata alƙawarin kawo ɗauki in Jamus ta far mata, amma Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Versailles, alƙawarin ya bi ruwa. Ita kuma Jamus ta ce ko dai kowa ya sauko daidai da ita, ko a bar ta ta hau daidai da kowa. Kowannensu yana da hujja, kuma babu na ukun da zai tsaya a tsakani ya ce ni ne lamuni.

Haka lamarin yake a dajin Rugu. Mutumin da ya yi shekaru yana ta'asa ya san akwai masu jiran ranar da za su gan shi hannu biyu: 'yan sa-kai da ya kashe wa 'yan'uwa, da abokan gabarsa na wata dabar, har da yaransa masu kwaɗayin kujerarsa. Yana sane da yadda Buharin Daji da Daudawa suka ƙare. Shi kuma ɗan sa-kai da aka ce ya ajiye adakarsa, tambayarsa ɗaya ce: in aka zo da tsakar dare, wa zan kira, kuma sa'a nawa zai ɗauka kafin ya iso? Ba ina wanke ɓarawo ba ne, ba kuma ina daidaita mai kare gidansa da mai ƙona gidan wani ba. Abin da nake nufi shi ne, matuƙar hukuma ba ta iya lamunce wa mutum ransa ba, to ba zai miƙa mata abin da yake ganin shi ke tsare masa rai ba.

Daga wannan tsoro ne wata cuta ke fitowa, wadda ta cinye wa wakilan Jeneba watanni: kowa yana kiran makamin hannunsa na kare kai, na maƙwabcinsa kuma na zalunci. Ingila mai manyan jiragen ruwa ta so a haramta jiragen ƙarƙashin teku, ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a teku suka ce ai da su suke kare gaɓarsu. Da aka zo maganar hana jefa bama-bamai daga sama, Ingila ta nemi a bar mata damar yin hakan a yankunan nesa da take mulka, da sunan kwantar da tarzoma. Mu ma a nan, wannan ya ce tasa ta tsaron shanu ce, wancan ya ce tasa ta tsaron gari ce.

Wa ya ƙidaya, wa zai hukunta?

Dalili na biyu shi ne rashin mai bin diddigi. A 1927 aka janye hukumar da ke sa ido kan makaman Jamus, alhali tun kafin nan Jamusawa suna horar da matuƙa jiragen yaƙi a asirce a garin Lipetsk na Tarayyar Sobiyet. Alƙaluman da ke kan takarda daban, abin da ke cikin rumbu daban. To, mu a nan, wa ya taɓa sanin adadin bindigogin da ke hannun daba guda kafin a ce ta miƙa? In mai hamsin ya kawo biyar, da wane ma'auni za a gane ya ɓoye arba'in da biyar? An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Na uku, babu hukunci ga wanda ya karya alƙawari. Japan ta mamaye Manchuriya a 1931, majalisar ta aika kwamitin bincike, Japan ta yi fushi ta fice a 1933, ba abin da ya same ta. Musolini na Italiya ya ga haka, ya afka wa Habasha a watan Oktoban 1935. Abin takaici, a watannin da suka gabaci harin, Ingila da Faransa sun hana sayar da makamai ga ɓangarorin biyu da sunan adalci. Italiya tana da masana'antun ƙera nata, Habasha ba ta da su. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Italiya daga baya bai haɗa da man fetur ba. Sarki Haile Selassie ya tsaya a gaban majalisar a watan Yunin 1936 ya kai kukansa, aka saurare shi, aka ɗage takunkumin. Darasin a fili yake: dokar hana makami da ba ta da mai tilasta ta, mai biyayya kaɗai take ɗaurewa.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1890 Turawa suka ƙulla yarjejeniya a Brussels ta hana shigo da bindigogin zamani mafi yawan Afirka, da sunan yaƙi da cinikin bayi, su kuwa suka shigo da bindigarsu mai ruwan harsashi. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗi. Mutanen ƙauyen da aka karɓe wa makami a 2019, aka bar na daji da nasa, ba sai an karanta musu tarihin Habasha ba.

Na huɗu, ba kowa ke cikin tabarmar ba. Amurka ba ta taɓa shiga majalisar ba, Tarayyar Sobiyet sai 1934 ta shiga, lokacin Jamus da Japan sun riga sun juya baya. A 1935 Ingila ta zagaya ta ƙulla nata da Hitila a kan jiragen ruwa, ba da yardar Faransa ba. Mu ma mun ga lokacin da Zamfara ke sulhu, Katsina ta janye, Kaduna ta ce ba ta magana da ɗan bindiga. Daji kuwa ɗaya ne, bai san iyakar jiha ba. In ƙaramar hukuma ɗaya ta sasanta, maƙwabciyarta ba ta yi ba, ba a kashe wutar ba, an dai sauya mata alƙibla ne. A matakin ƙasashe ma haka: ECOWAS tana da yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai tun 2006, amma makaman Libiya sun kwararo Sahel bayan 2011, ga shi kuma Nijar, Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Mu da ke kan iyaka mu ne muka fi kowa sanin abin da rashin jituwar Abuja da Yamai ke nufi.

Na biyar, bindiga tana ciyar da mai ita. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 1929, ƙera makamai ya zama hanyar samar wa miliyoyin Jamusawa marasa aiki abin yi. A dazuzzukanmu kuwa akwai kuɗin fansa, da harajin noma da ake ɗora wa ƙauyuka, da zinaren da ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019. Akwai masu kai mai da abinci da ƙwaya, da masu tsegunta bayanai, da dillalan harsashi. Duk waɗannan ba sa zuwa taron sulhu, kuma zaman lafiya asara ce a wurinsu.

Inda aka ɗan dace

Ba kowane yunƙuri ne ya tashi a tutar babu ba. Taron Washington na 1921 zuwa 1922 ya ƙayyade manyan jiragen ruwan yaƙi: in Amurka tana da biyar, Ingila biyar, Japan uku. Wannan ya yi aiki fiye da shekara goma, domin ƙasashen ba su da yawa, jirgin yaƙi ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin gado, kuma an haɗa da warware wasu rigingimun siyasa na yankin. Da siyasar ta lalace, Japan ta ba da sanarwar ficewa a ƙarshen 1934.

A gida kuma, ɗan jihar nan, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya shelanta afuwa ga tsagerun Neja Delta ranar 25 ga Yunin 2009, da wa'adin da ya cika ranar 4 ga Oktoba. An rubuta sunan kowa, an kai su sansanin horo, an yanka musu alawus na Naira 65,000 a wata, kuma Gwamnatin Tarayya ce da kanta ta tsaya a matsayin lamuni. Shirin yana da nasa aibobin, kuma tsagerun Neja Delta suna da shugabanni da buƙatu sanannu, saɓanin dabobin daji masu kai ɗari. Amma ya nuna cewa karɓar bindiga aiki ne na rajista da kasafi da bibiya, ba bikin yini ɗaya ba. Maƙwabtanmu na Nijar ma, bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995 da 'yan tawayen Abzinawa, sai da suka shigar da tsofaffin mayaƙa aikin ɗamara da na gwamnati, sannan suka ƙona makamai a Agadas ranar 25 ga Satumban 2000. Shekara biyar tsakanin sa hannu da kunna wuta. Duk da haka tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, bisa ƙorafin cewa ba a cika alƙawura ba.

Abin da ya rage mana

A ganina, duk sulhun da za a ƙulla nan gaba sai ya amsa tambayoyi huɗu kafin a shimfiɗa tabarma. Wa zai tsare ran wanda ya ajiye makami, na gari da na daji? Wa zai ƙidaya, ya kuma dawo ya sake ƙidayawa bayan wata shida? Wane hukunci ke jiran wanda ya karya, kuma wa ke da ƙarfin zartar da shi? Da me wanda ya ajiye zai ci abinci, kuma me za a ce wa matar da ya mayar gwauruwa da marayunta? Sannan dole Katsina, Zamfara, Sakkwato, Kaduna da Jihar Maraɗi su yi magana da murya ɗaya. Dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023 za su iya zama wani ɓangare na lamunin, da sharaɗin su tsaya ƙarƙashin doka, su kare Bahaushe da Bafulatani daidai wa daida. In suka zama ɓangare a rigimar, an ƙara daba ne kawai mai kaki.

Mu kuma mutanen ƙasar Daura, namu aikin ya fi sauƙi, ya kuma fi gaggawa. Ƙasar nan ta san zamanin tsoro. A ƙarni na 19 ta rabu uku, Daura, Zango da Ɓaure, ga Damagaram a arewa wadda Sarki Tanimu ya cika da bindigogi da igwa, kowa yana kwana da ido ɗaya a bayan ganuwa. Sai da aka maido da Malam Musa daga Zango kan karagar Daura, aka kama hanyar komawa inuwa ɗaya. Wannan zaman lafiya gado ne, kuma gado yana ƙarewa in ba a tattala shi ba. Rigimar gona da burtali da aka bari ta kwana, shari'ar da aka sayar, saurayin da ya gama makaranta ba aiki sai ɗaukar kaya a babur ta ɓarauniyar hanya ba tare da tambayar abin da ke cikin buhu ba, ta irin waɗannan tsagogin ne ƙadangare ke shiga bango. Dagatai da masu unguwanni da arɗaɗe su san baƙon da ya sauka, malamai su yi wa'azi a kan dillancin makami kamar yadda suke yi a kan kisan kai, jami'an kan iyaka kuma su tuna cewa buhun da aka kauda kai aka bari ya wuce, wata rana a gidan wani zai fashe.

Jeneba ta kasa karɓe makamai daga hannun ƙasashe masu tuta da majalisa da sa hannu. Ƙanƙara ta kasa karɓe su daga hannun mutanen da ba su da ko adireshi. Bindigar da ta fi sauƙin karɓewa ita ce wadda ba a kai ga saye ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.